GTI ko Type R: wacce ce ba za ta karya wa Hajiya baya ba?

Wani ɗan'uwa daga Makka ya turo wannan tambayar: "Salam Yaya, Allah ya ƙara basira. Ni a Rusaifa nake zaune amma dawam ɗina, wato wurin aikina, a Jidda yake, kullum sai na je na dawo. Na gaji da Camry wallahi, ina son ƙaramar hacbak, irin motar da but ɗinta ke haɗe da ciki, mai wuta, kuma idona na kan Volkswagen Golf GTI zubi na takwas da Honda Civic Type R sabuwar. Abokina yana ta zuga ni wai Toyota GR Yaris ko ta Hyundai mai N. Ƙarshen sati ina son hawa titin dutsen Hada zuwa Ɗa'if, to amma mota ɗaya zan iya riƙewa, madam ma tana tuƙi, kuma nakan kai Hajiyarmu Madina, ga ta da ciwon baya. Wacce ta fi riƙe kwana, wacce ta fi daɗin zama?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Tambaya biyu ka yi amma ni uku na gani a ciki. Kana son motar da za ta faranta maka rai a kwanonin Hada, kana son wadda za ka zauna a cikinta kilomita 150 ko sama da haka kullum tsakanin Makka da Jidda ba tare da ka tsane ta ba, sannan kana son wadda tsohuwa mai ciwon baya za ta zauna a bayanta awa huɗu zuwa biyar. Hausawa sun ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, kuma da a ce shekara ashirin baya ka tambaye ni da karin maganar nan kawai zan ba ka na wuce. Yanzu abin ya ɗan canja, akwai dabarar da ta sa ana iya haɗawa zuwa wani mataki, ita zan tsaya a kanta.

Daga ina ake samun tauri da laushi

Yawancin samarin da ke shigowa warsharmu, wato garejinmu na gyaran mota, a Sina'iyya ƙarfin doki suke fara tambaya, hisan nawa ce, hisan nawa ce. Ƙarfin doki ba shi da haɗi da abin da bayan Hajiya zai ji. Abin da ke tsakanin kwalta da ƙugunta abu huɗu ne, taya, sifirin, shokozoba wadda Larabawa ke kira musa'adat, sai kujera. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shokozoba kuma ita ke hana sifirin ya yi ta tsalle bayan an taka rami. Motar da ake so ta riƙe kwana sai an rage mata tsayi an ƙara wa sifirin da sitabilaiza, sandar da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, tauri don kar ta karkata gefe, to wannan taurin shi ne dai zai aiko maka da duk wani maɗab, wato tudun rage gudu, da ramin unguwa kai tsaye cikin kashin baya.

Taya kuwa ita ce mutane suka fi rainawa, alhali lissafinta ma a jikinta yake a rubuce. In ka ga 215/55 R17 irin na Camry, gefen tayar kashi 55 cikin ɗari ne na faɗin milimita 215, ya'ni wajen milimita 118 na roba da iska tsakanin rim da ƙasa. GTI mai rim 18 tana sa 225/40, milimita 90 kenan. Mai rim 19 tana sa 235/35, ta koma wajen 82. Type R sabuwar, FL5, tana sa 265/30 a rim 19, kusan 80, tsohuwar kuma FK8 rim 20 ce da 245/30, milimita 73 da rabi kacal. Kaga daga Camry zuwa Type R kusan kashi ɗaya cikin uku na katifar ya tafi tun kafin a zo maganar sifirin. Kuma ka lura su kansu Honda da suka fito da sabuwar saukowa suka yi daga 20 zuwa 19, ba hawa ba.

Dabarar da na ce ta canja lissafin ita ce shokozoba mai kwamfuta. A cikinta akwai bawul da ke buɗewa ko ya tsuke hanyar da mai ke bi, in ya buɗe sai ta yi laushi, in ya tsuke ta ƙanƙame. Volkswagen suna kiran tasu DCC, kuma a Golf ta takwas mataki 15 take da shi da za ka ja da yatsa a allo. Amma fa ba kowace GTI ke zuwa da ita ba, ƙari ne da mai saye na farko yake zaɓa, shi ya sa za ka ga GTI biyu shekara ɗaya kala ɗaya amma ɗaya kamar kana kan darduma ɗaya kamar amalanke. Type R kuwa kowacce da irin wannan shokozoba take zuwa, da Comfort da Sport da +R, sai dai laushinta na ƙarshe ma yana nan kusa da inda GTI take fara tauri.

GTI

Tun 1976 ake yin GTI, ta farkon doki 110 ne da ita, kuma tun lokacin manufar ɗaya ce, motar zuwa aiki ranar Lahadi wadda za ka yi wasa da ita ranar Juma'a da yamma. Ta takwas ɗin tana da inji lita 2 mai turbo, doki 245, wadda aka sabunta a 2024 kuma 265, tayoyin gaba ke ja. Yadda take riƙe kwana babu tsoro a ciki, sitiyarinta ba nauyi, in ka shiga kwana da gudun da ya wuce ƙima hancinta ne zai fara zamewa waje a hankali, ka ɗaga ƙafa daga totur ta dawo hanya. Tana da makulli na lantarki a difarenshiyal na gaba, mai raba ƙarfin inji ga tayoyi biyu, wanda ke hana tayar ciki ta yi ta juyawa a banza lokacin fita daga kwana, to shi ke sa ka ji kamar ana jan ka zuwa inda ka nufa.

Abin da zan faɗa maka tsakani da Allah shi ne GTI ba ta cika yi maka magana ba. Tana yin aikin, ta gama, kai kuma ba ka ji komai sosai a tafin hannu ba. Wasu wannan ne yake sa su gaji da ita bayan wata shida. Wasu kuma, irinka mai bin titin Makka zuwa Jidda asuba da magariba, wannan shirun ne alherinta. Giyarta DSG ce mai kuloci biyu, tana canjawa da kanta da sauri, madam za ta shiga ta tuƙa kamar Camry ba wani koyo. A zahma, wato cunkoson motoci, mai tsanani irin ta Jidda bayan isha'i takan ɗan yi jinkiri ko fizga wajen tashi daga tsaye, haka irin wannan giyar take, kar ka riƙa barin ta tana rarrafe da rabin birki, ka bar tazara sannan ka tafi gaba ɗaya. Abin da aka fi kuka da shi a cikinta shi ne maɓallan shafawa na mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, da sauti, a fitowar farko ba su da haske da dare, sai a sabuntawar 2024 aka gyara. A garin da mukayyif ya fi rediyo muhimmanci wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka gwada da kanka da dare kafin ka biya.

Type R

Nan kuma sai na yi a hankali don kar son zuciya ya ja ni, domin in maganar tuƙi zalla ake yi ban taɓa riƙe mota mai jan gaba da ta kai ta ba. Doki 329 a irin ta Turai, 315 a lissafin Amurka, duk a tayoyin gaba, kuma abin mamakin shi ne ba ta fizgar sitiyari hagu da dama in ka take totur kamar yadda masu jan gaba masu ƙarfi suka saba. Dalili shi ne yadda aka ƙera ƙafar gaban, an raba sandar da ke ɗaukar nauyi da wadda taya ke juyawa a kanta, sai ƙarfin inji bai samu dogon hannun da zai murɗa sitiyari da shi ba. Difarenshiyal ɗinta na ƙarfe ne zalla ba lantarki ba. A 2023 ta zagaye filin Nürburgring na Jamus a minti 7 da sakan 44 da ɗoriya. Sandar giyar kuwa, gajeriya, ƙwas ƙwas, wanda bai taɓa ba ba zai gane ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Giyar hannu ce kawai, guda shida, babu otomatik ko da kuɗinka. Ka tuna mashigar Jidda da safe, ka tuna daren Ramadan a kusa da Shari' Mansur, ka lissafa sau nawa ƙafarka ta hagu za ta taka kuloci. In madam otomatik ta koya, kamar yawancin matan da suka fara tuƙi tun da aka ba su dama a 2018, to ka sayi motar da kai kaɗai za ka tuƙa kenan, kuma wannan rigimar ba a warsha ake gyara ta ba. Kujerar baya mutum biyu take ɗauka, tsakiyar wurin ajiye kofi ne, duka motar mutum huɗu. Ƙarar taya a kan doguwar hanya tana shigowa sosai saboda faɗin 265 ɗin nan, bayan awa biyu za ka ji kunnenka ya cika. Tankinta lita 47 ne.

Kar kuma na zalunce ta. Ta fi Golf tsawo da kusan santimita 30, tazarar tayar gaba da ta baya ma ta fi da wajen santimita 10, saboda haka wurin miƙe ƙafa a baya ya fi yawa, but ɗin ya fi girma, kuma a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta mai santsi a gudun 120 ko 140 zaune take daram. Jajayen kujerun gaban nan suna cikin mafi daɗin da na taɓa zama a kai, sai dai gefensu dogo ne kuma suna ƙasa sosai, tsohuwa shiga da fita zai zame mata aiki. Matsalarta ba babbar hanya ba ce, cikin unguwa ne, inda kowane layi maɗab uku kuma babu biyu da tsayinsu ya zo ɗaya. Leɓen gabanta zai sha ƙasa sai ka koyi hawa a karkace.

Waɗanda abokinka ya ambata

GR Yaris ka cire ta kawai. Mota ce mai ban sha'awa, silinda uku lita 1.6, doki 261 a fitowar 2020, tayoyi huɗu ke ja, an yi ta ne da tunanin tseren rali, amma ƙofa uku ce kuma rufin baya ya sauko, Hajiya ba za ta shiga can ba, in ma ta shiga sai ta yi maka addu'ar da ba ka so. GR Corolla ita ce mai ƙofa biyar, doki 300, sai dai ita ma a taurare take kuma shokozobarta ba ta canjawa. Ta Hyundai, i30 N, wadda Albert Biermann ya jagoranci aikinta bayan ya baro sashen M na BMW, tana tsakanin biyun naka, ta fi GTI hayaniya da wasa, salansarta na ta fashe-fashe, ta fi Type R sauƙin zama da ita tunda akwai mai otomatik giya takwas, amma in ka sa ta a yanayin N a titin gari haƙoranka za su gaya maka. Mini JCW gajarta ke sa ta tsalle. Mercedes A45 S mai doki 421 da Audi RS3 mai silinda biyar wani aji ne na kuɗi daban, ba su ka tambaya ba.

Hada, zafi da kuma Sahir

Yanzu bari mu zo kan abin da ya ja ka. Hawan Hada daɗi ne da shi, daga ƙasa ka haura har tsayin kusan mita 2,000 daga doron teku, kwana bayan kwana, iska na sanyi kana hawa. Amma titin jama'a ne, da iyalai a manyan motoci, da masu tsayawa ba zato su ba birai abinci, da hazo da ke saukowa har a rufe hanyar wani lokaci. Gudun da za ka iya yi a can cikin hankali bai kai rabin abin da Type R za ta iya ba, bai ma kai iyakar GTI ba. Bambancin da mujallun Turai ke aunawa da sakan a filin tsere ba za ka taɓa shi a Hada ba sai dai in ka yi niyyar ganganci, ga kyamarorin Sahir masu kama gudu, ga tarar tafhiɗ, wato wasan ganganci da mota, da ke farawa daga riyal 20,000 da tsare mota kwana 15 a karon farko. Abin da za ka ji a gudun halal shi ne nauyin sitiyari da daɗin canja giya, kuma a nan Type R ta ci, ban musa ba. In kana son ka ga ƙarshenta sai filin tsere, akwai Dirab da Reem a wajen Riyad, akwai na Sakhir a Bahrain.

Saukowa ma ya fi hawa cin mota. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa man birkinsa zai tafasa, feda ta yi laushi ta tafi ƙasa. Ka sa giya ta uku ko ta biyu inji ya riƙe, a DSG ma akwai filafilan bayan sitiyari don haka. Man birki duk shekara biyu a canja ko da bai yi baƙi ba, yana shan danshi, Jidda kuwa ka san danshinta.

Zafin Makka a watan Yuli da ke haura 45 yana rage wa duk mai turbo ƙarfi, iskar da ke shiga inji ta yi zafi sai kwamfuta ta ja da baya don ta kare shi, saboda haka motar da ka gwada da daddare a Janairu ba ita za ka samu da azahar a Agusta ba. Duka biyun fetur 95 suke so, jan famfo, kar ka yi musu rowa da 91, bambancin halala 15 ne a lita tun da aka tsayar da farashi a riyal 2.18 da 2.33 a 2021. Iskar taya kuma da safe ake aunawa kafin a taka hanya. Sau da yawa mutum zai zo min yana cewa motarsa ta yi tauri a canja shokozoba, in auna in tarar mai banshar, wato mai faci, ya ɗura masa 45 a inda takardar jikin ƙofa ta ce talatin da wani abu. In sauke iska, ya zagaya ya dawo yana murmushi, ban karɓi ko riyal ba.

Akwai wani yaro da ya kawo min tasa bara, ya sa mata rim 20 da sifirin na rage tsayi masu araha da ya yi oda ta intanet, ya bar shokozobar asali. Kyau kam ta yi kyau a hoto. Cikin wata huɗu rim biyu sun lanƙwashe, shokozobar gaba ɗaya ta fara zubar da mai, kuma abin haushin ma riƙe kwanar ya ragu, domin tayar da ke tsalle ba ta taɓa ƙasa balle ta riƙe ta. Wannan shi ne abin da samari ba sa yarda da shi sai sun biya kuɗin makaranta, tauri da riƙo ba abu ɗaya ba ne, a kan kwalta mai gargada motar da ta ɗan yi laushi ita ke manne wa hanya. Muka mayar masa da komai na asali, rim 18, ya ce kamar an canja masa mota.

Abin da zan yi in ni ne kai

GTI mai DCC, rim 18, mai takardun Khaliji, wato wadda aka yi don ƙasashen yankin Gulf, ba wadda aka shigo da ita daga waje ba. In wadda ka samu rim 19 ce kuma komai nata lafiya, saya, ka sayar da rim ɗin ka sauko 18. Ka shiga allon ka tabbatar da idonka akwai wurin ja na DCC, kar ka yarda da bakin dillali. Ka ciro rahoton Mojaz mai nuna tarihin mota, ka sa a ɗaga kafet a duba ƙasan kujeru da wayoyi saboda motocin da suka sha ruwan Jidda na Nuwamba 2022 har yanzu suna yawo a kasuwa. A duba wajen famfon ruwa da gidan tamostat ko akwai alamar ɗigo, wuri ne da duk bakaniken da ya san wannan injin yake fara leƙawa. A tambayi yaushe aka canja man giya, ni a zafin nan namu ba na barin ya wuce kilomita 60,000. Lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ke farawa da DOT a gefen taya sati ne da shekarar da aka yi ta, tayar da ta shekara huɗu a ranar Makka ta bushe ko da zanenta na nan, kuma saiti huɗu na irin waɗannan ba kuɗin wasa ba ne, ka sa shi cikin ciniki.

Sai dai ka sani ni bakanike ne, ba direban tsere ba, kuma ba likitan ƙashi ba. Motocin da nake tuƙawa na mutane ne, zagayen gwaji da ɗan abin da ya samu, ban zauna da Type R shekara guda ba balle na gaya maka ko mutum yana sabawa da taurinta, masu ita dai da nake gani ba sa son rabuwa da ita. Bayan Hajiya kuma ita kaɗai ta san abin da yake ji. Ko GTI ɗin a mafi laushinta ba za ta kai Camry ɗinka ba, kar wani ya ruɗe ka. Saboda haka ranar gwaji kar ka je kai da abokinka mai zuga, ka ɗauki Hajiya da madam, ka sa motar a Comfort, ka bi layinku na Rusaifa mai maɗab ɗin nan da ka fi tsana, sannan ka hau babban titi minti ashirin ka kashe rediyo. Hajiya ba za ta ce maka ba daɗi ba, iyayenmu ba sa faɗa, sai dai ta ce Allah ya sanya alheri. Ka kalli hannunta ta madubi, in ta kama mariƙin saman ƙofa to ka samu amsa.

In kuma zuciyarka ta riga ta tafi ga Type R, kuma na san yadda abin yake, to akwai mafita ɗaya, tashar jirgin ƙasa na Haramain a unguwarku take, tun 2018 yake kai mutane Madina cikin awa biyu da wani abu, ka yanka wa Hajiya da madam tikiti kai ka bi su a hanya da kaya. Maganar kuloci da madam kuwa wannan tsakaninku ne, ni ba ruwana. Duk wadda ka tsayar, kafin ka biya ka kawo ta a ɗaga ta a duba ƙasanta, bayan la'asar ya fi, da safe warsha cike take.